Lemun Tsami da Batirin Tiger

A zamanin da rediyon gidanmu ke cin manyan batura huɗu, ba a jefar da batir don ya mutu. Baba ya fara shanya shi a rana, ya samu ya ƙarasa jin labaran BBC na dare da shi. Sai ya ƙi tashi sam sannan ya zama namu. Mu fasa shi da dutse, mu zare sandar gawayin da ke tsakiya, baƙin garin kuma mu kai makaranta a shafe allo da shi.

A aji shida malaminmu ya ce mu ma za mu iya haɗa batir. Kowa ya zo da lemun tsami, da ƙusar kwano, da tsohon kobo ɗaya irin jan nan da aka fara kashewa a 1973. Muka soka ƙusa a gefe guda, kobo a ɗaya gefen, ba tare da sun taɓa juna ba. Ruwan tsamin yana cin tutiyar da ke jikin ƙusar, idan an haɗa su da waya sai lantarki ya bi ta zuwa kobon. Malam ya ɗora mita, allura ta kusa kaiwa bolt 1. Batirin Tiger sabo fil bolt 1.5 yake bayarwa. Ai sai ihu! Muka ce lemu biyu sun fi na kanti, har wani ya fara lissafin kuɗin da babansa zai daina kashewa.

Muka jera lemu huɗu muka jona ƙwan tocila. Shiru. Muka murza lemun, muka goge kobo da toka, ƙwai bai ko yi ja ba. Malam ya bar mu muka gaji tukuna, sannan ya ce abin kamar randa ce a kan soro mai hujin allura: tsayin yana nan, ruwan ne ɗigo-ɗigo. Ƙwan tocila yana jan wuta ninki ɗaruruwa fiye da abin da lemu zai iya turowa. Da muka jona wani ɗan agogon lantarki kuwa, da ba ya cin wuta sosai, ya kama aiki nan take.

Na kantin ma dabara ɗaya ce, wadda ta samo asali daga batirin da Leclanché, mutumin Faransa, ya ƙirƙiro a 1866. Gwangwaninsa gaba ɗaya tutiya ne, ina ƙusa ina wannan faɗi! Baƙin garin da muke ɓarnatarwa a allo kuwa manganis ne, shi ke hana kumfar iskar haidurojin taruwa ta toshe aikin, abin da ke kashe lemu cikin ɗan lokaci.

Da aka tashi, wasu suka so tsotse lemun. Malam ya ƙwace, ya ce ƙarfe ya narke a ciki, ya sa monita ya zuba su a rami bayan aji.