Sulusin Gidan Baffa

Wata ranar Juma'a cikin watan Janairu na 1924 ɗin Turawa da ɗari a kai, wato 2024, bayan an sauko daga masallaci, na tarar da Baffana a zaure yana duba wani tsohon littafin rajista irin wanda malaman makaranta kan kira sunan yara da shi. A ciki yake rubuta kuɗin hayar da nake biyansa. Na durƙusa na gaishe shi, sa'an nan na faɗa masa abin da na yi wata shida ina juyawa a zuci, cewa ina so in tashi in nemi gida na kaina. Bai ce kome ba sai "Madalla." Amma na ga yadda ya rufe littafin nan a hankali ya ɗora tafin hannunsa a kai, nan take na gane na taɓa inda tuwon gidan yake fitowa.

Baffa ƙanen mahaifina ne. Shekara 35 ya yi yana koyarwa a makarantun firamare kafin ya yi ritaya. Ya gina gidan nan a Magami tun Jalingo tana hedkwatar ƙaramar hukuma a tsohuwar Jihar Gongola, lokacin da malamin makaranta kan iya sayen fili da tarin albashinsa. Da aka ƙirƙiro Jihar Taraba ran 27 ga Agusta, 1991, ma'aikata suka kwararo daga Yola, ƙasa ta yi daraja. Aka kafa jami'ar jiha a 2008, ta ƙara wata darajar. Yau filin da Baffa ya saya yana saurayi ya fi ƙarfin albashina na shekaru masu yawa, alhali kuwa shi mai filin wani lokaci sai ya ci bashin magani.

Na shiga sashen gabas na gidan a 2019, da na yi aure: ɗaki biyu da falo da ɗan tsakar gida. Da farko ya ƙi karɓar ko kwabo, ya ce ɗa ba ya haya a gidan ubansa. Ni na matsa, domin na san fanshonsa kaɗan ne, kuma ba kullum yake zuwa a kan kari ba. Daga baya hayar nan, Naira 300,000 a shekara, ita ta zama buhun masara da kuɗin makarantar autarsa. Bayan an janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kome ya yi tsada, fansho kuwa yana nan inda yake. Saboda haka tashina ba ƙaura ce kawai ba. Ko dai abincin gidan ya ragu, ko kuwa a sa baƙo a tsakiyar iyalin dattijo mai shekara saba'in.

Ni ma kuwa ina da tawa hujjar. 'Ya'yana biyu, kuma duk abin da na biya na haya ya tafi ke nan, ko bulo ɗaya bai zama nawa ba. Na bincika hanyoyin da hukuma ta tanada. Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ma'aikaci, sa'an nan Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ya ba shi rance da ruwan kashi 6 cikin ɗari, ya biya har zuwa shekara 30. Sai dai ana bukatar cikakkiyar takardar mallakar fili, ga kuma maganar ruwa wadda zuciyata ba ta kwanta da ita ba. Gina sabo kuwa, a farkon 2024 buhun siminti ya kai Naira 10,000, wani wurin ma ya wuce.

A wurin aiki ne, ina fassara labaran ƙasashen waje, na ci karo da wata dabara ta Ingila wadda suke yi tun wajen 1980. Mutum yakan sayi wani kaso na gida, ya riƙa biyan haya a kan ragowar, duk sa'ad da ya sami hali ya ƙara sayen wani kason, hayarsa ta ragu, har gidan ya zama nasa. Da na faɗa wa wani abokina da ya karanta shari'a, sai ya yi dariya ya ce ai bankunan Musulunci suna da irinta, suna kiranta musharaka mai raguwa. Na ce a raina, idan banki yana iya tarayya da baƙo a kan gida, me zai hana ni da Baffa?

Na koma zaure da shawarata. Na ce, "Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, maimakon in tashi, ku sayar mini da sashen da nake ciki, in riƙa biya sannu a hankali." Ya yi shiru, kana ya yi mini tambayar da ban shirya mata ba. Ya ce, "Ɗana, na ji. To, ran da ka gama biya, hayar ta ƙare ke nan. Kuɗin da ka ba ni kuwa ciki ya cinye. Daga nan me zan ci?"

Kunya ta kama ni ƙwarai, domin duk lissafin da na yi na kaina ne. Na auna abin da zan samu, ban auna abin da zai rasa ba. Mai ƙarfi a jiki yana ganin dunƙulen kuɗi arziki ne, amma wanda ya dogara da fansho ya fi bukatar kaɗan mai zuwa kowane wata. Dunƙulen kuɗi a hannun dattijo mai dangi da yawa ba ya kwana: wannan ya zo da bikin aure, wancan da rashin lafiya, shi kuwa ba ya iya cewa babu.

Shi da kansa ya kawo maganin. Katangar gidan ta kudu tana fuskantar hanya. Ya ce duk abin da na biya na saye kada ya shiga tukunya, a zuba shi a gina shago biyu a jikin katangar, hayar shagunan ta maye gurbin tawa. Muka kira magina biyu da wani dillali suka yi wa gidan kima, aka tsaya a kan Naira miliyan 9. Sashena ya tashi sulusi, wato miliyan 3. Muka raba shi kaso 30, kowane kaso Naira 100,000, duk kason da na biya a rage mini Naira 10,000 daga hayar shekara. Saboda darajar Naira tana zubewa, muka yarda a sake yi wa kason da suka rage kima bayan kowace shekara biyu. Wannan sharaɗi ni yake ci, amma shi ne adalci.

Rigimar ba ta tashi ba sai da na ce a rubuta. Goggo, yayar Baffa, ta aiko a kira ni. Ta ce, "Yaushe muka lalace har ɗa zai kawo wa ubansa takarda ya sa hannu? Ko ka ɗauke shi maƙaryaci ne?" Babban ɗan Baffa kuma, wanda ke aiki a Wukari, ya daina amsa wayata. A ganinsa na lallaɓa tsoho ne ina yankar gadonsu tun yana da rai. Ban ga laifinsa ba. Da ni ne a matsayinsa, watakila haka zan zata.

Limamin unguwarmu ne ya kashe wutar. Ya tara mu a zaure, ya tuna mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba ta ware dangi ba. Ya ce mai gida yana da ikon sayar da abinsa yana da rai da hankalinsa, abin da ya sayar kuwa ba ya shiga gado. Amma ya juyo kaina ya ce idan ta Allah ta kasance kafin in gama biya, magada za su zama abokan tarayyata, ba ni da ikon tilasta musu abin da ba a rubuta ba. Ya kuma bayyana mana shufu'a a mazhabar Malikiyya: idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da rabonsa, abokan tarayyarsa sun fi kowa haƙƙin karɓa a kan farashin da aka sayar. Da ɗan Baffa ya ji cewa ba zan iya shigo musu da baƙo ba, sai fuskarsa ta saki.

Aka rubuta, 'ya'yan Baffa maza da mata duk suka sa hannu, liman da mai unguwa suka shaida. Lauya ya gargaɗe mu cewa bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar birni tana hannun gwamna ne bisa amana, kuma sauya mallaka yana bukatar amincewarsa, saboda haka akwai sauran tafiya a gabanmu ran da za a yanke sashen. Mun sa wannan ma a takarda, har da wanda zai biya kuɗinsa.

Yanzu na biya kaso 11. Shago ɗaya ya tashi, wani tela yana ciki, na biyun ya kai linta. Da aka sake kima, sauran kason sun ƙara tsada, na ji zafin abin, na biya. Tsakanina da ɗan Baffa akwai sauran ɗan sanyi, amma da Sallah ya shigo sashena ya ci abinci.

Jama'a masu karatu, da yawa daga cikinmu muna zaune a gidajen iyaye da baffanni da kawunnai waɗanda ƙarfinsu ya ƙare, muna gyara rufi, muna ƙara ɗaki, ba rubutu ba shaida, sai ran rabon gado a wayi gari 'yan'uwa suna gaban alƙali. Wanda duk ya yi niyyar irin abin da na yi, ya fara tambayar abin da dattijon zai ci bayan cinikin, ya sanar da magada tun da wuri, sa'an nan ya rubuta. An ce zumunta a ƙafa take. Na yarda, amma na ga inda alƙalami ya taimaki ƙafar.

Littafin rajistar nan yana nan. Baffa ya buɗe sabon shafi, ya ja layi 30 da rula irin ta malaman da, duk kason da na biya sai ya sa masa maki da jan biro. Allah ya ba shi tsawon rai ya cike layin ƙarshe da hannunsa, amin.