Idan Outlook ya ƙi tura saƙo a kulle, duba wajen mai karɓa

1/ Jama'a, zare ne kan saƙon imel da ke ƙin tafiya a kulle. Aikina gyaran kwamfuta tsakanin Fagge da Sabon Gari, kuma wannan matsalar ta fi yawa wajen masu turo kaya daga Dubai da Guangzhou da 'yan canji.

2/ Tsarin sunansa S/MIME. Ka ɗauki satifiket ɗin mutum kamar kwaɗo ne a buɗe da ya miƙo maka. Ka zuba saƙo a akwati, ka datse da kwaɗonsa, makullin kuma yana hannunsa shi kaɗai. In ba ka da kwaɗonsa, ko ya lalace, ba abin da za ka kulle da shi.

3/ Shi ya sa in Outlook ya ce akwai matsala da satifiket ɗin mai karɓa, canza layin data ko sake saka Office ba zai yi maka komai ba.

4/ Kwanaki wani Alhaji a Kantin Kwari ya kira ni, zai tura hoton fasfo da takardun banki ga wakilinsa, saƙo ya ƙi. Yaronsa har ya kai hannu kan maɓallin da ke cewa a tura ba kulli. Na ce Alhaji, a dakata, ai sirrinka ne za a saki a fili.

5/ Ga yadda nake bi. Farko, agogon kwamfutarka. Na hannu da ake saya a Beirut Road, da yawa ƙaramin batirin ciki ya mutu, sai kwanan wata ya koma baya. Satifiket lafiyayye sai ya zama kamar lokacinsa bai yi ba.

6/ Na biyu, wa'adi. Kowane satifiket yana da ranar ƙarewa. Mutum ya sabunta nasa, kai kuma tsohon ne ajiye a lambobinka. Na Alhaji wannan ne.

7/ Na uku, adireshi. In satifiket na adireshin ofis ne, kai kuma ka rubuta na Gmail ɗinsa, ba za su haɗu ba.

8/ Na huɗu, wani satifiket na sa hannu ne kawai, ba ya kulle saƙo. Wani kuma wanda ya bayar da shi kwamfutarka ba ta amince da shi ba.

9/ Maganin akasari ɗaya ne: ka kira mutumin a lambar da ka sani, ya turo saƙo mai sa hannun dijital. Ka goge tsohon bayaninsa, ka ajiye sabon daga wannan saƙon, ka sake gwadawa. In mutum biyar kake turawa, bi su ɗaya-ɗaya, na mutum guda ya isa ya tsayar da saƙon.

10/ Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin kiyaye su. NIN da BVN na kwastoma amana ce a hannunka.

11/ Masu karɓa kuma, kafin a goge muku kwamfuta ku sa a fitar da makullinku a ajiye a filasha da kalmar sirri. In ya tafi, tsofaffin saƙonni sun rufu ke nan, ni ma ba zan iya buɗe su ba. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan amsa bayan Isha'i in sha Allah.