Ɗan Ƙarfen Da Ke Riƙe Bambar Motarka

Jama'a, duk mai mota ya san wannan: bamba ta saki, an ɗaure ta da waya, bayan sati biyu ta koma tana kaɗawa. Abin da ya ɓace ɗan fallen ƙarfe ne da bai wuce faɗin babban yatsa ba, an lanƙwasa shi gida biyu. Makanikai suna ce masa kilif.

Soka shi ake yi a gefen ƙarfen jikin mota, sai a ɗaura sukuru ta cikinsa. Yana da 'yan harsuna biyu da ke cizon zaren sukurun, iya ɗaurewarka iya cizonsu. Shi ya sa gargadar hanya ba ta kwance shi. Babu noti, babu zura hannu ta baya a riƙe da sifana.

Wani Ba'amurke, Albert Tinnerman, ya ƙirƙiro shi a 1923 a birnin Cleveland, don haɗa murhun girki a kamfanin mahaifinsa. Daga murhu ya shiga motoci, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga jiragen sama.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, wanda nake saya a Ƙofar Ruwa a Kano daga waje yake zuwa. Dala ta motsa, shi ma ya motsa.

Kada wani ya ce min ba mu da masu hannu. Maƙeran Panteka a Kaduna sun ƙera abin da ya fi wannan wuya. Matsalar biyu ce. Ta farko ƙarfen: langa-langa in ka lanƙwasa shi nan yake zama. Kilif sai ƙarfen sifirin, wanda aka gasa, aka tsoma a mai, aka sake ɗumama shi don kada ya karye. Ta biyu bakin injin da zai datsa shi daidai, domin in tazarar harsunan ta kauce kaɗan, sukuru ba zai kamu ba.

Ajaokuta tun 1979 ake jiranta, ba sai mun jira ta ba. A shigo da naɗin ƙarfen, a datsa a nan. Ga Kaduna Poly nan maƙwabciyar Panteka. Me zai hana ɗalibi ya ɗauki ƙera bakin injin nan a matsayin aikin kammala karatunsa, maƙera su ci gaba daga nan?

Kullum maganarmu ƙera mota. To, da rarrafe yaro kan tashi. A fara da kilif.