Baduku Da Kwamfutar Ɗansa

Akwai wani ɗalibi a unguwar Dukawa cikin birnin Kano, wanda yake shekarar ƙarshe a Jami'ar Bayero. Saura wata uku ya miƙa kundin digirinsa sai kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka ta tsage daga wajen hinji, allon ya mutu. Sabuwa dal ya saye ta, ba ta cika shekara biyu ba. Kuɗin da ya rage a gidan kuwa na sayen fata ne, watau jarin mahaifinsa, wanda yake dukanci a Kasuwar Kurmi tun yana saurayi.

Da ya kai masa gawar, tsohon bai tambayi sunan kamfani ba. Ya jujjuya ta yadda yakan jujjuya jaka, ya leƙa inda ta karye, ya ga an ɗaure ƙarfe a jikin roba maras kauri. Ya ce, "Kai yaro, wanda ya yi wannan bai yi ta don ta daɗe ba. Kaya daga maɗinka yake mutuwa."

Ɗalibin ya ce, "Baba, ai kamfanin sananne ne."

Tsohon ya ce shi ma sananne ne a Kurmi, amma jakar da yake ɗinka wa baƙo mai sauri dabam take da wadda yake ɗinka wa mahayin doki.

Ashe haka abin yake. Washegari suka fita wajen ganuwa zuwa kasuwar Farm Centre, inda wani mai gyara ya bayyana musu cewa kowane babban kamfani kaya iri biyu yake yi. HP ta yi Pavilion don gida, ta kuma yi EliteBook don ma'aikatu. Dell ta yi Inspiron, ta kuma yi Latitude. Lenovo tana da IdeaPad, ga kuma ThinkPad, wadda IBM ta fara fitarwa a 1992 kafin Lenovo ta sayi sashen a 2005. Na ma'aikatun su ne aka fi ƙarfafa wa jiki da hinji, kuma ana kwance gindinsu da sukudireba a share ƙurar hunturu daga fanka, a sake batir. A garin da zafin bazara yakan haura digiri 40, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Ta Apple kuwa, ba mai musun kyawun ƙirarta, sai dai tsada, ga shi an like mata ma'adanar aiki ba a iya ƙarawa.

To, amma gwanjo ma da tasa illar. Batirin ya riga ya sha wuya, kuma tun 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta janye tallafin Windows 10, yawancin injinan da suka girmi zubi na takwas na Intel kuwa ba su cika sharaɗin Windows 11 ba. Nan ilmin ɗan ya yi rana, domin uban bai san wannan ba.

Saboda haka suka raba aiki. Ɗan ya duba ciki, uban ya duba jiki. Ya buɗe murfin wata tsohuwar ThinkPad ya rufe har sau goma, ya murɗa ta kaɗan ya ji ko za ta yi ƙara, ya danna kowane harafi da babban yatsa. Ba ta da sheƙi ko kaɗan, har gefenta ya koɗe. Ɗalibin dai ransa yana kan wata sabuwa mai ruwan azurfa da ke kusa da ita, kusan kuɗinsu ɗaya, amma bai ce komai ba.

Tsohon ya ƙirga kuɗin fatar ya biya. A watan nan rumfarsa ba ta ga sabuwar jaka ba.