Wa Ya Ci, Wa Aka Ci?

Kalmar feed a Turanci ciyarwa take nufi: uwa ta ciyar da jariri, makiyayi ya ciyar da bisashe. Amma da ita suke cewa an zura wa inji takarda, kuma abubuwan nan da ke ta zubo maka a Facebook su ma feed ne sunansu. Wai ciyar da mu ake yi! Mu kuwa a Tsauni cewa muke waya ta cinye mana kiredi.

Tamu kalmar, "ci", ta fi tasu yawo. Kasuwar Matamaye tana ci. Ɗalibi ya ci jarrabawa, yarima ya ci sarauta, riga ta ci yadi biyar, wuta ta ci rumbu, aboki ya ci amana. Tun 1966 Claude Gouffé ya yi nazarin "ci" da "sha" a Hausa, sannan a 2009 Philip Jaggar da Malami Buba suka nuna cewa galibi "ci" na tafiya da rinjaye, "sha" kuwa da abin da ya auka wa mutum: sha wahala, sha kashi, sha rana. Mai ci shi ke sama ke nan.

Na yarda da su, amma akwai wurin da nake tsayawa, wato "cin bashi". A garinmu, in damina ta yi nisa, rumbu ya koma fanko, ga noma bai ƙare ba, magidanci kan je wurin ɗan kasuwa ya karɓo ƴan tiyoyin hatsi. Sai a ce ya ci bashi. A nan cin na gaske ne, don tuwo aka tuƙa, yara suka ƙoshi. To amma wa ya rinjayi wa? Ya karɓa lokacin da tiya ke tsada, zai biya da kaka lokacin da ta faɗi, ka ga sai ya auna fiye da abin da ya karɓa kafin kuɗin su cika. Nahawu ya ba shi matsayin mai aikatawa, alhali wanda ya ba shi ne zai ci riba.

Shi kansa magidancin bai ruɗe ba. Ka tambaye shi bayan an kai amfani gida, ka ji yadda zai juya jimlar: "Ai bana, ɗana, bashi ya cinye ni."