Dutsen da aka zana kamar ruwa

Akwai wani zanen Claude Monet da nake yawan komawa in duba. Ya yi shi a 1883 a Étretat, wani garin masunta a gaɓar Normandi ta Faransa, yanzu kuma yana gidan tarihi na Metropolitan da ke birnin New York na Amurka. Abin da ke cikinsa kaɗan ne: wata gawurtacciyar ƙofa da teku ya huda a jikin dutse, ana kiran ta Manneporte, ruwa na tafasa a gindinta, sai mutum biyu a ƙarƙashi, ƙanana ƙwarai, sai ka ƙura ido kafin ka gan su.

Abin da ke riƙe ni shi ne yadda ya shafa fentin. Mu da muka tashi muna kallon Dala ko Zuma mun san dutse da zama daram, ruwa ne mai wucewa. Monet bai raba su haka ba. Gajerun shafe-shafen burushin da ya yi wa raƙuman ruwa, irinsu ya yi wa dutsen: shuɗi, ruwan hoda, rawaya, suna hawan juna. In ka daɗe kana kallo, sai ka ga dutsen ma yana motsi.

Wasu za su ce salo ne kawai. Ni ina ganin gaskiya ya zana. Duwatsun Étretat alli ne, allin kuwa ɓawon wasu mitsi-mitsin halittun teku ne da suka taru a ƙarƙashin ruwa miliyoyin shekaru da suka wuce. Teku ne ya tara shi, teku ne kuma yake cin gindinsa, ruwan sama da sanyi na tsattsaga shi daga bisa. Ƙofar nan da masu yawon buɗe ido ke ɗauka hoto rauni ce; wata rana rufinta zai rufta.

Monet ya ɗanɗani ƙarfin ruwan nan a jikinsa. A Nuwamban 1885 yana aiki a gindin Manneporte, ya ɗauka teku janyewa yake, ashe jadawalin wata rana ya duba. Igiyar ruwa ta maka shi da dutse, ta tafi da zanen da yake yi da sandunan jingina shi. Da rarrafe ya fito, gemunsa duk fenti, da yamma ya zauna ya rubuta wa Alice Hoschedé labarin.