Murjanin Tsohuwa

A garin Danja, can kudancin Jihar Katsina, inda rake da tumatir su ke arzikin fadama, akwai wata tsohuwa mai wani abu guda da ta fi ƙauna cikin dukan kayan ɗakinta. Abin nan kuwa sili guda ne na murjani, ƙwaya 40, wanda ta gada wajen uwarta, ita kuma uwar ta gada wajen tata uwar. An ce a kasuwar Kurmi ta Kano aka saye shi, tun jirgin ƙasa bai iso Kano ba, watau kafin 1911. An yi shekarun fari ba ta sayar da shi ba, mai gidanta ya rasu ba ta jinginar da shi ba. Ta ƙudura a ranta sai ranar da za a kai jikarta ɗakin miji za ta rataya mata shi a wuya.

Da kaka ta yi, aka sa ranar biki, sai tsohuwa ta buɗe adaka ta ɗauko murjani. Allah Sarki! Abin da ta sani ja wur, ga shi ya dusashe, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka. Jika ta gani ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce, "Haba kishiya, wannan koɗaɗɗen abu za ki ba ni in shiga gidan miji da shi? Kawo in wanke shi da lemun tsami, yadda mu ke yi wa tasa."

Tsohuwa ta ce, "Ke 'yar nan, tasa daban, murjani daban. Ajiye mini abina."

Amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. Tsohuwa na shiga salla, sai yarinya ta matse lemu cikin ƙoƙo, ta tsoma bakin silin a ciki. Nan da nan ƙananan kumfa suka soma tashi, ita kuwa tana murna, tsammaninta dauɗa ce ke fita. Ko da ta tsame, ƙwaya uku sun yi kaushi, ɗan sheƙin da ya rage musu ya tafi. Garin neman gira an tasam ma rasa ido.

To, me ya sa lemun da ke haskaka tasa ya ci murjani? Ba za a gane wannan ba sai an san ko mene ne murjani.

Da yawa suna ɗaukarsa dutse, waɗansu kuwa su ce itacen ruwa ne, gama yana da rassa kamar bishiya. Har masanan Turai haka suka ɗauka, sai a shekarun 1720 wani likita Bafaranshe mai suna Peyssonnel ya nuna cewa waɗansu ƙananan halittu ne masu rai ke gina shi, aka ma daɗe ba a gaskata shi ba. Halittun nan suna zaune cunkus a wuri ɗaya, suna tsamo sinadari daga ruwan teku suna gina ƙashin da su ke zaune a kai. Ƙashin nan shi ne murjani, sinadarinsa kuwa ɗaya ne da na ɓawon ƙwai da ƙwanson katantanwa. Wanda ke so ya tabbatar, ya jefa ɓawon ƙwai cikin ruwan lemun tsami, zai ga irin kumfan da yarinyar nan ta gani. Tsami narkar da shi ya ke yi.

Jan murjani irin na tsohuwa a Bahar Rum a ke samunsa, a gaɓar Tunisiya da Aljeriya da Italiya, cikin kogunan dutse da wurare masu zurfi inda haske bai cika kaiwa ba. Girmansa da nawa ƙwarai, kaurin reshe ba ya ƙaruwa da milimita 1 a shekara, saboda haka reshe mai kaurin ƙaramin yatsa ya haura shekara 20 a ruwa. Garin Torre del Greco, kusa da Nafuli ta Italiya, ya shahara wajen yanka shi da huda shi. Zamanin da, daga Tarabulus ayarin raƙuma ke ɗauko irin wannan haja, su biyo ta Gadamas da Agadas, su sauke a Katsina da Kano, sa'an nan 'yan koli su watsa ta ƙauyuka. Har wa yau sarakunan Binin, can kudu, da murjani su ke ado. Almajirai kuma sun san an ambaci sunansa sau biyu cikin Suratur Rahman.

Mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa akwai waɗanda ke kiwon murjani da ransa cikin ɗakunansu, kuma damuwarsu ɗaya da ta tsohuwar Danja, watau launi. A Turai da Amurka da Japan a kan ƙera akwatin gilashi, a cika shi da ruwan da aka dama da gishirin teku, giram 35 cikin ko wace lita, a sa fitila a bisa, a sa injin da ke kaɗa ruwa, sa'an nan a dasa murjani a ciki tare da ƙananan kifaye. Wanda su ke kiwo ba jan Bahar Rum ba ne, ɗan'uwansa ne na teku mai ɗumi marar zurfi, irin wanda ke gaɓar Bahar Maliya. Alhazan da suka zaga tsohon garin Jidda sun ga gidajen da aka gina da dutsensa. Shi wannan akwai kore, akwai shuɗi, akwai ruwan hoda, akwai mai ruwan ƙasa.

Launin wannan irin daga wuri biyu ya ke fitowa. Na farko, cikin naman halittun akwai waɗansu ƙananan tsiro dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya gani. Su ke karɓar haske su yi abinci su ciyar da mai masaukinsu, launinsu kuwa ruwan ƙasa ne. Na biyu, halittar da kanta tana yin nata rini mai haske, wanda shuɗin haske ke ƙara fito da shi. Kyan murjani yana wurin daidaituwar waɗannan biyu. In mai kiwo ya cika zuba wa kifi abinci, dauɗarsu ta kan zama taki cikin ruwa, tsiron nan su yi yawa su rufe rinin, murjani ya koma ruwan ƙasa kamar tsohon tulu. In kuma ya tace ruwa ƙal har ba sauran taki, sai yunwa ta kama su, murjani ya koɗe. In ya ƙara wutar fitila farat ɗaya, ko ruwa ya yi zafi, sai halittar ta kori tsiron daga jikinta, ta yi fari fat, in abin ya daɗe ta mutu.

Ba cikin gilashi kaɗai wannan ke faruwa ba. A gabashin Ostireliya akwai jerin tudun murjani mai tsawon kilomita wajen 2,300, ba kamarsa a duniya. A 1998 da 2016 da 2024, da waɗansu shekaru tsakani, ruwan teku ya yi ɗumi fiye da yadda aka saba, murjani mai yawan gaske ya yi fari. Ƙarin digiri 1 kawai bisa zafin da ya saba da shi, in ya ɗauki makonni, ya isa ya jawo wannan ɓarna.

Saboda haka gwanayen wannan kiwo ba su da wani asiri sai tsayar da abu daidai. Su kan riƙe zafin ruwa wajen digiri 25 ko 26, dare da rana. Su kan kunna fitila awa 8 zuwa 10, in za su ƙara ƙarfinta sai kaɗan kaɗan cikin makonni. Su kan canja kashi ɗaya cikin goma na ruwan ko wane mako ko biyu. In launi ya ɓaci, abu ɗaya su ke gyarawa, su jira su ga abin da zai biyo baya, kafin su taɓa wani. Sabon shiga shi ke sayo kwalaben magani iri iri ya antaya gaba ɗaya, ya wayi gari dukiyarsa ta mutu. Manomin Danja ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Ya san in aka labta wa tumatir takin zamani fiye da kima, ganye ya kan yi duhu 'ya'ya su yi ƙaranci, in an hana shi kuwa ya yi rawaya ya tsumbure.

Mu koma ga tsohuwa. Ɗanta ya ɗauki silin ya kai wa wani dattijon ɗan koli a Funtua. Dattijo ya juya shi a tafin hannu, ya leƙa hudar ƙwayoyin, ya ce, "Malam, ka gaya wa Iya ta kwantar da hankalinta. Wannan na ainihi ne." Ya nuna masa alamun: na ainihi yana da siraran layuka a jikinsa, kuma jansa har ciki ne. Na gilashi a kan ga ƙwayar iska a cikinsa, na roba ba shi da nauyi, wanda aka rina kuwa cikin hudarsa fari ne. Ya ce gumi da turare da aka bari a jikinsa shekara da shekaru su suka dusashe fatarsa, amma launin na nan a ƙarƙashi. Ya zauna da lallausan tsumma yana goge ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, kwana da kwanaki, har ja ya soma dawowa. Ya kuma yi gargaɗi: a shafa turare ya bushe kafin a rataya shi, a tuɓe shi kafin wanka ko girki, a share shi da tsumma mai ɗan laima in an cire, a naɗe shi shi kaɗai, gama tsakiya da sauran duwatsun wuya sun fi shi tauri, suna ƙarzarsa.

Ƙwaya ukun nan da lemu ya ci, dattijo ya ce a cire su, amma tsohuwa ta ƙi. Ranar kai amarya ta rataya wa jikarta silin da hannunta, ta kama yatsan yarinya ta ɗora bisa masu kaushin, ta ce, "Kishiya, waɗannan naki ne. Duk ran da abu ya dusashe miki a gidan miji, kika ji kamar ki matsa masa lemu, ki taɓa su tukuna." Amarya ta sunkuyar da kai cikin mayafi, ba ta ce kome ba.

Abin da teku ya yi shekara ashirin yana ginawa, ƙoƙon tsami ya kan ɓata shi kafin a idar da salla. Allah ya ba mu haƙurin riƙon abin da muka gada, amin.